Kada a Fasa

Daga Baffa zuwa ga 'yar ƙaninsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Zuwa ga 'yar ƙanena, wadda ta ci sunan mahaifiyata, don haka bakina ba ya iya kiranta sai da Uwata. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki, a can cikin babbar fadamar da kika ce sai a kwana a wuni a jirgi ba a ga ƙarshenta ba. Mu nan lafiya, sai godiyar Ubangiji. Innarki gwiwa ta yi mata sauƙi, har ta koma sallah a tsaye. Idanuna ne suke ta yi mini rowa, ƙaramin rubutu sai na kai shi bakin ƙofa. Zazzaɓi ya kwantar da biyu daga cikin 'ya'yan Yayanki, babban ɗana, amma sun tashi. Ga shi kuma ina rubuta miki da boko, wanda na koya da furfura, tunda ke kin gudu daga ajami tun ba ki kai ko'ina ba.

Bayan haka, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san dausayin da ke bayan gari, wanda aka san gidanmu da shi tun zamanin kakanki. Ni da mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, ba mu taɓa raba shi ba, domin ba a ja wa ruwa iyaka. Ba a taɓa sa masa garma ba. Ciyawar kacalla ta cinye rabinsa, sauro ya ci sarautar sauran, kwaɗi kuma suna yi mini musu duk lokacin da na buɗe littafi bayan la'asar. Wuri ne da ke kwance kamar matacce.

Yayanki ya zo mini da shawarar a raya shi. Samarinsa sun tasa, gonar tudu ba ta ƙaruwa, babbansu har ya fara zancen barin gari. Na duba maganar, na ga raya ƙasa aiki ne da malamai suka yaba, mai lada ga wanda ya yi shi da kyakkyawar niyya. Ya riga ya yi magana da mai katafila, wanda ya ce zai iya gama aikin haƙa kafin saukar damina.

Amma kina da haƙƙi a wurin ta wajen mahaifinki, ni kuwa ba zan bari a taɓa haƙƙin marainiya ba tare da yardarta ba, ko da marainiyar ta girma har tana ba maza umarni a cikin jirgi. Ki rubuto mini abin da ke ranki. Na san takarda ba ta isa gare ki sai jirgin kaya ya shiga, waya kuma kin ce ba ta kamawa a can, to kada ki jinkirta idan ta zo hannunki.

Innarki ta ce ki riƙa rufe ƙafafunki da yamma. Allah Ya tsare ki, Ya yi miki albarka. Wassalam.

Baffanki.

Daga 'yar ƙani zuwa ga Baffa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baffana, bayan gaisuwa ta girmamawa da neman albarka. Na yi murna da sauƙin Inna, Allah Ya ƙara afuwa ga yara. Idanun kuma, tunda ni ce uwa, umarni nake bayarwa: a je a gwada tabarau, a daina kai littafi bakin ƙofa. Ni lafiyata ƙalau. Takardarka ta daɗe a hanya, domin kainuwa ta toshe mashigar da jirgin kaya yake bi, sai da masunta suka sare ta.

Baffa, da ka ga wurin nan da ka yi tasbihi har muryarka ta dushe. Kogi yana shigowa da hanya ɗaya, sai ya rasa gangare, ya watse ya zama hanyoyi ba adadi a cikin ciyayin iwa da burugu. Akwai tsibiran ciyawa da ke yawo a kan ruwa. Ranar nan mun ɗaure kwale-kwale a jikin wani, muka shiga aiki, da muka dawo ya yi gaba da shi. Mai tuƙinmu ya tsaya yana riƙe da gora, ya ce, “Hajiya, a ƙasarku ɓarawo ke satar jirgi, mu nan gari ne da kansa yake sata.” Taswirar bara ba ta aiki bana. Aikinmu shi ne mu auna zurfin ruwa, mu san inda ya shiga da inda ya fita, mu lura da kifi da tsuntsaye. Dinya da kirinjijiya idan suka tashi, sai rana ta yi kamar za ta faɗi.

Da na karanta cewa za a raya dausayinmu, sai da na yi hawaye. Aikin da muke yi ke nan a nan. Wani ɓangare na fadamar ya fara mutuwa saboda yashi da kacalla sun toshe hanyar da ruwa ke shiga, muka sa aka yashe, ruwa ya koma, kifi ya biyo shi, makiyaya suka dawo. Na daɗe ina tunanin ƙoramar da ke shayar da namu dausayin, don tun ina yarinya take cikewa. Idan katafila ta buɗe mata baki, za ku sha mamakin abin da zai dawo. A can Baba yake ɗora ni a wuya yana nuna mini zalɓe, yana cewa shi ne limamin tsuntsaye, saboda tsawon tsayuwarsa.

Na yarda, Baffa, da zuciya ɗaya. A gaishe mini da Yaya, a ce Allah Ya saka masa da alheri, ban san yana da wannan tunanin ba. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka, kuma uwarka.

Daga Baffa

Da sunan Allah. Zuwa ga Uwata, gaisuwa da fatan alheri. Mu nan lafiya. Tabarau ban je ba tukuna, uwa ta yi haƙuri.

Takardarki ta iso, Yayanki ya ji kalmar yarda ya tashi da murna, washegari katafila ta fara aiki. Ni kuwa na sake bin takardar a hankali a bakin ƙofa, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina tsoron ni da ke mun hau kalma ɗaya, amma kowa da inda ya fuskanta.

Ki saurara. A wurin malaman fiƙihu, raya ƙasa yana tabbata da abubuwa da dama: a yi gini a kanta, ko a dasa itace, ko a nome ta, ko a kawo ruwa inda babu. Daga cikinsu kuma akwai fitar da ruwa daga ƙasar da ruwa ya mamaye, har ta yiwu ga shuka. Wannan na ƙarshen shi nake nufi. Na ɗauka a fili yake, domin kunnena ya saba da shi tun ina ƙarami. Ba ƙoramar da ke shigo da ruwa ake yashewa ba. Rami ake haƙawa daga kwarin da ke kudu, yana tahowa wajen dausayin, don ruwan ya tsiyaye ya bar mana ƙasa.

Yarda da aka bayar a kan abin da ba a fahimta ba, ba yarda ba ce. Na faɗa wa Yayanki haka. Ya ce, “Baba, yarinya ta ce ta yarda da zuciya ɗaya, zuciya nawa kake so ta kawo?” Na ce wadda ta san abin da ta yarda da shi. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mai katafila yana da wani aikin da ke jiransa, hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas, idan ruwa ya sauka motar ba za ta iya shiga ba sai baɗi. Na dai sa shi ya yi mini alkawari ba za a ƙarasa ba sai amsarki ta zo.

Don haka amsa nake so a taƙaice: a fasa aikin, ko a ci gaba? Kada ki ji nauyina, kada kuma ki ji nauyin Yayanki. Abin da ya rage tsakanin ramin da ruwan gaɓa ce siririya, wadda yaro zai iya tsallakewa. Ranar da aka fasa ta, ruwan zai kama hanya, kuma ban san mai iya kiransa ya dawo ba sai Wanda Ya saukar da shi.

Ina jira. Wassalam.

Baffanki.

Daga 'yar ƙani

Salam, Baffa. Ina gaisuwa, ina lafiya. Yanzu aka miƙo mini takardarka a bakin jirgi, ga shi har sun tayar da inji, a kan gwiwata nake rubutu. Hankalina ya tashi ƙwarai. Don girman Allah kada a fasa. Cikakken bayani yana tafe a jirgi na gaba.

'Yarka.

Daga Baffa

Da sunan Allah, Shi ne abin neman taimako. Zuwa ga Uwata, bayan gaisuwa. Jiki lafiya, iyali lafiya. Zuciya ce ba ta zauna ba, shi ya sa ban jira dogon bayaninki ba.

Guntuwar takardarki ta zo bayan jira ya ishe mu. Kullum mai katafila sai ya zo ƙofar gida ya gaishe ni, irin gaisuwar da ta fi sammaci nauyi. Yayanki ne ya karɓo ta a tasha, ya shigo zaure yana haki, ya karanta mana da ƙarfi, sannan ya ce, “Ka ji ko, Baba? Ta ce kada a fasa! Har da haɗa mu da girman Allah. A ci gaba ke nan.”

Innarki tana bayan ƙofa, ta ce, “To me ya tayar mata da hankali?”

Ya ce, “Tsoro take kada Baba ya hana aikin, Inna. Kin san halin mijinki, kafin ya sha ruwa sai ya tambayi wanda ya haƙa rijiyar.”

Ta ce, “Ai shi ya sa bai taɓa ƙwarewa ba. Ni dai 'yar da na goya, in murna take yi, takarda ba ta isarta. Wannan ko layi biyar bai cika ba.”

Ya ce, “Jirgi zai tashi, Inna, so kike ta bi shi da iyo tana rubutu?”

Na karɓi takardar na kai ta bakin ƙofa. Na ga abin da ya karanta shi ne a rubuce. Na tambaye ki a fasa ko a ci gaba, kin ce kada a fasa. Ban ga ƙofar da zan tsaya a ciki ba, alkawari kuma ya cika. Na ce bismillah.

Na je da kaina. Katafila ta sa haƙori sau ɗaya, gaɓar ta buɗe. Da fari ruwan ya yi kamar yana shawara, sannan ya zuba cikin ramin da ƙara, baƙi wuluk, yana jan bado da kainuwa. Yara suna ihu. Garin nan ya ci tarwaɗa har ta gundure shi, da kwando ake kwasa a cikin laka, mata suna ta sa wa Yayanki albarka. Ƙasar da ta fito baƙa ce mai maiƙo, tsofaffin manoma suna murza ta a hannu suna kaɗa kai don sha'awa. Babban jikana ya daina zancen tafiya, yana ta kafa turakun shata gona. Duk wannan alheri ne, kuma na gode wa Allah.

Amma ga abin da na gani. Ƙananan kifi, waɗanda ba su isa ci ba, sun rufe laka kamar an watsa azurfa, wari ya hana mu buɗe tagar kudu. Belbela ta yi biki kwana kaɗan, sannan ta ɗauke. Zalɓen mahaifinki ya tsaya shi kaɗai a kan abin da ya rage na ruwa a tsakiya, yanzu shi ma ban ganinsa. Makiyayan da suka saba sauka a gefen sun zo, suka tsaya suna kallo, dattijonsu ya ce mini, “Malam, ina kuka kai shi?” Bayan la'asar na buɗe littafi, babu kwaɗo ɗaya da ya yi mini musu, sai na kasa wuce shafi.

Jiya kuma ladan ya ce mini guga ya fara taɓo laka a rijiyar masallaci, ya ƙara igiya. Yayanki ya ce bazara ce, kowace shekara haka take yi. Mai yiwuwa ne. Ni dai na girmi rijiyar, ban taɓa ganin an yi wa igiyarta ƙari ba.

Ki gaya mini, tunda ke kika ce kada a fasa, kin san abin da ban sani ba. Ki kwantar mini da hankali. Wassalam.

Baffanki.

Daga 'yar ƙani

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baffana, gaisuwa da neman gafara a kan guntuwar takardar da na aiko jiya ba ladabi ba tsari. Ina fata kowa lafiya. Wannan na rubuta ta a zaune, ban san ranar da jirgi zai zo ya ɗauke ta ba, amma hankalina ya ɗan kwanta, tunda na san saƙona yana hanya, kuma na san ba za ka bari a taɓa gaɓar nan ba bayan na roƙe ka da girman Allah.

Na fahimci ma'anar raya a wurin malamai, kuma ban isa in yi jayayya da su ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da idona ya gani. Dausayin nan ba matacce ba ne, Baffa. Randar garinmu ce. Da damina, ruwan da ke gangarowa daga tudu a cikinsa yake sauka, ciyawa ta rage masa gudu, laka ta kwanta. Sannan duk tsawon rani yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa a hankali, kamar yadda randa ke jiƙa yashin da aka girke ta a kai. Rijiyoyinmu daga wannan yashin suke sha. Shi ya sa garuruwan tudu suke sayen ruwa da bazara, mu ba mu taɓa saye ba. Wa zai fasa randa don ya sami wurin shimfiɗa tabarma?

Na ga inda aka yi haka, a gefen wannan fadamar. Shekarun fari an yi amfanin gona har ana zuwa kallo. Daga nan baƙar ƙasar ta bushe, ta tsage, ta zama gari, iska ta kwashe. Rijiyoyi suka bi ta. Da damina kuma ruwan da ya rasa masauki ya bi ramin da aka haƙa masa a guje, ya shiga gidajen da ke kwari. Wata tsohuwa a can ta ce mini, “'Yata, da ruwa maƙwabcinmu ne, muka kore shi. Yanzu sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma da faɗa yake zuwa.” Ka tuna su wa ke zaune a kwarin kudu.

Sauro ma ba ya ƙarewa da haka. Ruwa mai kifi yana cinye 'ya'yansa, ƙananan kududdufan da ake bari a baya su ne gidansa.

Ban manta da Yaya da samarinsa ba, kuma ban ce su zauna da yunwa don zalɓe ya sami wurin tsayawa ba. Mutanen nan suna bin ruwa ne yayin da yake ja da baya bayan damina, suna shuka a danshin da ya bari, taki kuma shi ya kawo musu. Idan aka yashe ƙoramar, aka rage kacalla, gefen dausayinmu zai ba da gona kowace shekara ba tare da an kore shi ba. Ba za ta kai faɗin wadda Yaya yake hange ba, gaskiya ce. Haƙƙina na gefen na bar wa yaransa, su noma.

Ramin da aka riga aka haƙa a bar shi, ba ya cutar da kowa muddin gaɓar tana tsaye. Ita kaɗai nake roƙo. Ka gaishe da Inna, ka ce ina rufe ƙafafun.

'Yarka.

Daga Baffa

Da sunan Allah, Wanda ba Ya kuskure kuma ba Ya mantuwa.

Zuwa ga Uwata. Gaisuwa, da fatan kina lafiya. Na san yanzu takardata ta baya ta isa gare ki, kin ji abin da ya faru, kuma na san abin da ta yi wa zuciyarki. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, kowace ta wuce 'yar'uwarta ba sallama.

Doguwar takardarki ni na karanta ta da kaina. Ban wuce sakin layi na fari ba na ajiye ta, na ɗauko guntuwar, na karanta ta da bakina maimakon kunnena. Kada a fasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Fasa ta tulu kike nufi, muka ji fasa ta tafiya. A baki ba sa haɗuwa, ɗaya gajere ne, ɗaya ana jan sa, amma boko ya sa musu riga ɗaya. Da ajami kika rubuta, alif ɗaya ne zai raba su, in babu shi a san gaɓa ake nufi, in yana nan a san aiki ake nufi. Ban faɗi haka don in ɗora miki ba. Ni na zuba kalmomin biyu a takarda ɗaya, na kuma nemi amsa a taƙaice. Yayanki ma bai yi ha'inci ba, ya karanta abin da zuciyarsa take so ne, kowa kuma haka yake karatu in bai yi hattara ba. Innarki ce kaɗai ta karanta daidai, ita da ba ta san harafi ba, kuma tun ranar ba ta bar ni na manta ba.

Na koma kan littattafaina da maganarki ta randa. Malamai sun ce rijiya tana da hurumi, kuma huruminta ya kai duk inda aiki zai cutar da ruwanta. Ba a raya hurumi, domin ba matacce ba ne, kuma mutum ba ya yin abin da zai ƙafar da rijiyar maƙwabcinsa ko da a cikin mulkinsa ne. Na san wannan babin tun ina saurayi, na karantar da shi ba sau ɗaya ba. Abin da ban sani ba shi ne hurumin rijiyar masallacinmu ya kai har bayan gari ta ƙarƙashin ƙasa. Hukunci yana hannuna, sanin wurin yana hannunki. Kafin takardarki ta zo, rijiyoyi uku na unguwar kudu sun bi ta masallaci.

Na kira Yayanki na karanta masa duka. Ya ce, “Baba, an riga an fasa. Ruwan ya tafi, katafila ta tafi, yara sun kafa turaku. In ce musu me? Wasali ya cinye musu gona?”

Na ce gaɓa za a mayar kafin ruwan fari, in ba haka ba abin da zai sauko duka a kwarin kudu zai kwana.

Ya ce, “Da hannun wa?”

Da safe na ɗauki buhu da shebur na tafi. Ban yi don in kunyata shi ba, na yi ne don ni na ce bismillah ranar da aka buɗe. Ladan ya biyo ni, mutanen unguwar kudu suka fito, makiyayan nan ma suka kawo jakuna. Na cika buhu ɗaya, na sunkuya zan ɗauka, bayana ya ce bai san zancen ba. Sai na ji an janye buhun daga hannuna. Yayanki ne. Ya ce, “Ba don na yarda ba ne. Don kada a ce ina tsaye kana dakon ƙasa.” Na ce Allah Ya karɓa a haka. Shi ya tsaya a cikin ramin yana jera buhuna, yana yi wa kowa faɗa, har aka kai gaɓar inda take, aka daɓe ta, aka dasa mata ciyawar jema.

Kada ki ɗauka komai ya koma daidai. Gaisuwarsa ta gajarce. Babban jikana ya cire turakunsa, kuma ban san ko gonar gefen da kika bar musu za ta riƙe shi a gari ba. Na ƙara masa da rabin gonata ta tudu. Kifin da ya mutu ya mutu.

Ruwan fari ya sauka shekaranjiya, mai ƙarfi. Da gari ya waye muka je, ni da Yayanki. Gaɓar ta riƙe. Ruwa ya kwanta a tsakiyar dausayin, bai kai gwiwa ba, ja ne, ba kifi ba tsuntsu. Rijiya ba ta amsa ba tukuna, ladan yana nan da ƙarin igiyarsa. Ki rubuto mini tsawon lokacin da randa take ɗauka kafin ta sake jiƙa yashi, da yadda ake yashe ƙorama da hannu. Ki rubuta a zaune, ki tsawaita, ko jirgi zai tafi ya bar ki.

Muna tsaye a kan gaɓar sai ga mai katafila ya aiko mutum, yana tambaya ko bayan damina za a sake buɗe ramin, ya sa mu a layi. Yayanki ya dube ni, ya ce, “To, Baba, me zan ce masa?” Na ce kai ne mai aikin. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juya ga ɗan aiken ya ce, “Ka ce masa an fasa.” Mutumin ya juya zai tafi, Yayanki ya kira shi ya ce, “Tsaya. Ka ja bakinka da kyau in za ka faɗa. Da alif.”

Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Gobe zan je gwajin tabarau. Wassalam.

Baffanki.